Masoyan Yariman Aljanu

A Birnin Tudu ba wanda ke karanta littafin soyayya. Tambayi kowa ka ji. Sai dai duk ranar da wata marubuciya ta kashe yariman aljanu ana saura kwana biyu ɗaurin aure, har a kasuwar Talata Mafara za ka ga fuskoki a murtuke.

Labarin ba ya sauyawa sosai. Yarinya marainiya, kishiyar uwa mai zaryar gidan boka, kaka mai bakin ba'a, sai wani kyakkyawan saurayi mai kamfani a Abuja wanda ba ya da inuwa. Da can hayar littafin ake yi, ya zagaye gidaje har bangonsa ya cire. Yanzu ya koma WhatsApp da Wattpad da YouTube. Masu karatun ne dai suke nan yadda suke.

Akwai lauyan aljanu. Shi ya yarda ɗari bisa ɗari cewa jarumi ya ratsa bango, ya ɗauki budurwa daga Gusau ya dire ta Birnin Kisra kafin shayi ya huce. Abin da ya hana shi barci shi ne an ce aljanin ya sha mai a gidan mai. "To mi zai yi da mota, shi da ka tashi sama?" Zai tsayar da hira a kan wannan har a kira sallar isha'i, kuma duk wanda ya ce masa ai ƙagaggen labari ne ya zama abokin gaba.

Sai Inna, wadda ba ta karatun boko amma ta fi kowa sanin inda aka tsaya. Jikarta ke kunna mata a waya. Da an ambaci aljani sai ta yi a'uziyya ta tofa hagu da dama, sannan ta ce, "Ƙara murya, ɗiyata." Tana tsine wa kishiyar uwa da sunanta, tana yi wa marainiya addu'ar miji nagari, ko da kuwa mijin daga ƙarƙashin tsamiya ya fito. A ganina ita ce mai karatu ta gaskiya, don ita kaɗai ce ba ta neman uzuri.

Mai wa'azin gida kuwa uzuri ne sana'arsa. Littattafan nan, in ji shi, su suka lalata tarbiyya, kuma yana yawan tuna wa mutane cewa a 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona irinsu a Kano. Sai ka tambaye shi wanne ne ya fi muni. Nan zai zayyana maka labarin tun daga haihuwar jaruma har sunan ɗanta na fari, ya gyara maka inda ka yi kuskure. Wayar uwargida ya karɓa don ya bincika abin da take karantawa. Wata uku ke nan binciken bai ƙare ba.

Ɗan uwansa na kusa shi ne tsohon malamin firamare, wanda a wurinsa adabi ya tsaya a kan Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Ya manta cewa duka biyun, tun 1934, cike suke da aljanu. In ya ce ai haɗa aljanu da soyayya shi ne bidi'ar yaran zamani, a tuna masa da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, inda aljana ta shiga tsakanin masoya Boɗaɗo da Yasir. Marubuciyar ma ta yi zaman Gusau shekara da shekaru, har ta nemi takarar gwamnan Zamfara a 2003. Malam zai yi shiru, ya gyara hula, ya ce waccan ai aljana ce mai tarbiyya.

Samarin da ke cewa su littafin yaƙi kawai suke karantawa, na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, ba sai an daɗe a kansu ba. Duba inda shafi ya fi yin datti: wurin da sadauki ya haɗu da gimbiya ne.

Matsoraciya ba ta karatu sai dare ya tsala, cikin bargo. Daga nan ba ta iya fita tsakar gida sai ta tayar da ƙanenta ya riƙe mata tocila. Kyanwa ta taɓa kwano, ta kwana salati. Gobe kuma ta koma, don yarima bai riga ya bayyana wa budurwar asalinsa ba.

Wadda ta fi ba marubuta ciwon kai ita ce 'yar a-taimaka. Za ta sayi data, ta biya kuɗin caji a shago, amma kuɗin littafi haram. Da shafukan kyauta sun ƙare sai ta bi zaure-zaure: "Don girman Allah wa ke da ci gaban?" In an turo mata na sata, ita ce ta farko da za ta zagi marubuciya kan ta cika jan rai.

A watan Satumban 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, wani sabon iri ya ɓullo: mai ƙarasa labari da ka. Karatu ya yanke ana tsakiyar biki, mata sun taru sun rasa yadda za a yi, sai ta gyara zama ta ɗora daga inda aka tsaya. Ta aurar da marainiya, ta haukatar da kishiyar uwa, ta musuluntar da boka, ta kuma ba yarima gonar shinkafa a Bakalori don ya daina yawo. Da layi ya dawo aka ga yadda marubuciyar ta ƙare nata, Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wagga yarinya ƙarya ta kai. Ba haka anka yi ba."