Tawul ya kama kujera, mai tawul yana barci

Zuwa ga bawan gidanmu da ke Safana,

Ubangidanka yana nan lafiya lau a kan teku, ba abin da ke damunsa sai kewar tuwon dawa da miyar kuka. Labari ya iso masa cewa kana ta bazawa a majalisa wai shi, ɗan kawunka na Batsari, ya zama direban jirgin ruwa a Amurka. Allah ya saka da alheri, amma ka ɗan rage gishiri. Aikinsa raba tawul ne a bakin tafkin wanka, da jera kujeru, da shiga tsakanin Turawa idan rigima ta kaure a kan wurin kishingiɗa. Wannan na ƙarshen shi ya fi cin rai.

Sai ka fara sanin irin jirgin tukuna. Ba fito yake yi ba, ba ya ɗaukar buhunan rogo. Mutane ne ke biyan kuɗi masu kauri su shiga daga Mayami, a yi mako guda ana zagaya tsibiran Karebiyan da su, a dawo a sauke su daidai inda aka ɗauke su, ba su saro komai ba, ba su sayar da komai ba. Akwai wani da ake kira Icon of the Seas, na kamfanin Royal Caribbean, wanda aka ƙera a garin Turku na ƙasar Finlan, ya fara aiki a Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, hawa 20, yana iya cin fasinja 7,600 ban da ma'aikata 2,350, ga tafkin wanka har 7. Messi ɗan ƙwallo aka gayyato ranar bikin sunansa, kuma ko rago ba a yanka ba. Wanda ubangidanka yake ciki bai kai wannan ba, amma ko shi ɗin, a kwashe mutanen unguwarku duka a zuba, ba za a san an zuba kowa ba.

Ranar da jirgi ya tsaya a wani tsibiri, lafiya lau, kowa ya sauka yawo. Ranar da aka wuni a tsakiyar ruwa ita ce ranar aiki. Dubban mutane ne za su hauro saman bene lokaci guda, kowa yana neman doguwar kujerar nan ta kishingiɗa. Kujerun suna da yawa, sai dai waɗanda ake so kaɗan ne: na bakin ruwa, da na ƙarƙashin rumfa, da waɗanda rana ke dukansu sosai. E, rana. Wadda manomin Runka yake gudu ya fake gindin marke, ita mutanen nan suka biyo da kuɗinsu, su shafa mai su kwanta tana gasa su har su yi jawur, su tashi suna murna.

To, ga yadda ake kama wuri. Da asuba, ubangidanka ya idar da salla ya fito yana goge raɓa a kan kujeru, sai ga wani dattijo cikin gajeren wando, suma a hargitse, ido bai gama buɗewa ba, rungume da tulin tawul. Yana tafe yana shimfiɗawa. Kan wannan ya aza littafin da ko shafin farko ba a buɗe ba, kan wancan silifas wari guda, ɗayan warin a kan na gaba, sannan tabarau, sannan kwalbar man shafawa wadda ta daɗe da ƙarewa. Har wasu manyan maƙalai na roba yake ɗauke da su, yana danne bakin tawul don kada iskar teku ta yi masa ɓarna. Ya ja da baya ya dubi aikinsa, ya gyaɗa kai, ya koma ɗaki ya ja bargo. Ba mai sake ganin ƙeyarsa sai bayan azahar, ya ci ya yi nak, shi da matarsa kaɗai, sauran kujerun kuwa na surukai ne waɗanda watakila ba su ma san an kama musu ba. A tsakanin nan tsohuwa mai dogara sanda ta zagaya tafkin har ta gaji, kujeru reras ba kowa a kai, amma kowace da mai ita.

Kamfanoni sun sa doka. Carnival ya fito da tasa dabarar a 2012, ya fara gwada ta a jirginsa mai suna Carnival Breeze: ma'aikaci ya ga kujera da kaya ba mutum, sai ya manna mata 'yar takarda mai ɗauke da lokaci, in an yi minti 40 mai kaya bai dawo ba, a kwashe kayan a kai rumfar tawul, kujera ta zama ta mai rabo. Royal Caribbean minti 30 ya yanka. Abin da fasinjoji masu mutunci suka yarda da shi a tsakaninsu kuwa bai da wuyar ganewa. Wanda ya faɗa ruwa ya yi iyo, ko ya zaga bayi, ko ya je ɗauko abinci, kujerarsa tana nan. Miji ya riƙe wa matarsa guda, ba mai cewa uffan. Amma mutum ɗaya ya kama sahu sukutum, ko ya tafi kallon wasa a wani hawan ya bar silifas yana gadi, wannan rashin ta-ido ne. Kuma ko ka tabbata mai tawul ya yi nisa, ba a so ka ɗaga kayan wani da hannunka, sai ka kira ma'aikaci. Ma'aikacin nan shi ne ɗan kawunka.

Ka ga ta inda wahala take shigowa. Ya manna takarda, ya duba agogo, lokaci ya cika, ya kwashe. Can sai ga mai kaya ya taso fuska a murtuke: wa ya taɓa masa littafi? Shi fa yanzun nan ya tashi! Alhali tawul ɗin ya sha rana har ya yi ƙamas. Wasu sun ƙware, sukan turo yaro ya ɓare takardar ya koma. Wata takan zo ta zauna minti biyu, ta juya littafin ta ɗaya gefen, ta tafi, wai an sabunta.

Rigimar ba a teku ta tsaya ba, kuma ba yau ta fara ba. Ingilishi sun daɗe suna tsokanar Jamusawa da cewa su ne sarakunan sammakon shimfiɗa tawul a otal, tsokana irin ta Bakatsine da Banufe, ko da yake su nasu wasan ya biyo bayan yaƙin duniya har biyu. A 2018 kamfanin yawon buɗe ido na Thomas Cook ya ce to, a daina sammako, mai so ya biya Yuro 25 a ajiye masa kujerar da ya zaɓa tun yana gida. Kamfanin ya durƙushe a Satumbar 2019, amma ba a ce kujera ce ta kayar da shi ba. A Italiya, a 2016, masu gadin gaɓar teku sun bi rairayi suna kwashe lema da kujerun da aka bari su kwana suna kamun wuri, da barazanar tarar Yuro 200. Wanda ya fi ba ubangidanka dariya shi ne wani magidanci Bajamushe da ya kai iyalinsa hutu tsibirin Rodos na ƙasar Girka. Otal ɗin yana da dokar minti 30, shi ya bi doka, sauran baƙi suka yi biris da ita, ya rasa wurin kwanciya. Da ya koma gida bai tsaya gunaguni ba, ya garzaya kotu a Hanoba, alƙali ya ce a mayar masa da Yuro 322 da 'yan kai daga kuɗin tafiyarsa. Ka ji mutanen da ba sa barin ta-kwana.

Yanzu kana can kana ƙyaƙyata dariya, kana cewa Turawa ba su da aikin yi. Dakata, bawan Allah, a zo gida.

Wa ya kai mu kamun wuri? Je ka bakin burtsatse da rani, kafin kiran assalatu, ka ga jarkoki rawaya sun yi layi har sun sha kwana, ba mutum ko ɗaya. Je ka tashar mota ka ga jaka zaune a gidan gaba, mai ita yana can wajen mai shayi. Ranar Alhamis a kasuwar Batsari, mai kasa kaya a ƙasa yakan shimfiɗa buhu ya danne da dutse ya tafi ɗauko kaya. Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 kuwa, a ƙofar bankunan Katsina da Dutsin-Ma har lamba aka riƙa rabawa tun dare, mutum ya karɓi tasa ya tafi ya dawo.

Sai dai ubangidanka ya zauna ya auna, ya ga jarka ta fi tawul gaskiya nesa ba kusa ba. Jarka ba ta hana famfo zuba. Tana layi, ruwa yana ta shiga ta gabanta, ba wanda ya kwana da ƙishi don ita. Kowa kuma ya san mai ita, ga tsumma ja a ɗaure a hannunta, ko an rubuta sunan gida da fenti. Layi ya matsa, na baya ya sa ƙafa ya tura ta gaba. In an zo kanta mai ita ba ta nan, ko dai wata ta tara mata don zumunci, ko a jawo ta gefe a ci gaba, ba kotu ba alƙali. Jakar gidan gaba ma da shaida, ɗan kamasho ya karɓi kuɗi ya gani. Mota ta cika ba ka zo ba, ya leƙa wajen mai shayi ya ƙwala maka kira, in ka yi nawa a sauke jakar. Tawul kuwa ba ya yi wa kowa aiki. Kujera ce kawai take wuni a banza, mai bukata yana tsaye yana kallonta, kuma ba wanda ya san mai shi balle a ji kunyarsa ko shi ya ji kunyar wani.

Abu ɗaya ne a gida wanda ya yi daidai da tawul ɗin nan sak, kuma kai ka san shi, don an ce kai ma ka shiga sahun masu yi. Ranar Juma'a da hantsi a ba yaro darduma mai laushi ya kai sahun farko, bayan liman kaɗan, ya shimfiɗa ya aza tasbaha. Talaka ya yi wanka ya yi sammako don neman lada, ya tarar da sahu a shimfiɗe ba kowa, ya koma baya ya zauna inda rana ke leƙowa. Mai darduma yana shago yana ciniki. Sai liman ya kusa hawa mumbari za ka gan shi, babbar riga tana ƙamshin turare, yana tsallake wuyan bayin Allah yana cewa a gafarce shi. Haka ake yi a wurin tafsiri da azumi, haka a filin Idi.

Malamai ba su bar maganar nan ba. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya ba wanda ya tashi daga mazauninsa ya dawo haƙƙin wurinsa, amma wannan mutum ne da ya zo da ƙafarsa, alwala ta kama shi ya fita. Aika darduma ta riga mai ita zuwa masallaci kuwa, Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya yi fatawa a kan hana shi. A Harami ma hukuma ta hana kama wuri, ma'aikata suna bi suna naɗe dardumar da aka bari, musamman a goman ƙarshe na Ramadan. Tambayi Gwaggo, ta je ta gani da idonta.

Har ubangidanka ya yi niyyar aiko wa 'yan agajinku bandir guda na takardun mannawar nan, a riƙa ba kowace darduma minti 40. Sai ya tuna ba za ta yi aiki ba, don ko a nan rabin aiki take yi. A ƙarshen kowace tafiya fasinja ne ke cika takardar yabo ko ƙorafi a kan ma'aikata, kuma da ita ake duba wanda za a sake ɗauka. Yaron da ya baro iyayensa a Manila ko Mumbai ko Batsari, sai ya yi tunani sau biyu kafin ya taɓa silifas ɗin mai kuɗi. Sau da yawa yakan kau da kai ne ya yi kamar agogonsa ya tsaya. To, wane ɗan agaji ne a Safana zai naɗe dardumar Alhajin da ya sayi janareton masallaci? Doka tana nan daram, mai riƙe da ita ne ƙarami.

A gaida Gwaggo da kyau, a ce mata ɗanta yana salla a kan lokaci, alƙibla ce kawai take ba shi wahala, don jirgi yana juyawa ita ma ta juya. A gaida mutanen Ruma da Wagini da Zakka, Allah ya kawo mana zaman lafiya a bakin dajin Rugu, manoma su koma gonakinsu hankali kwance. In an sami mai tahowa, a ba shi kuka da kuɓewa busassa da yaji. Kada a sa kilishi, kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shiga, a banza za su ƙwace.

Kuɗin shararka na watan Cika-ciki an riga an tura, suna hannun kawunka a Batsari. Ka hau mota ka je ka karɓa da kanka, ka durƙusa ka yi gaisuwa yadda ya kamata. An gaya masa in ya ga yaro ya zo da darduma a madadinka, kada ya ba da ko sisi.

Wassalam,
Ubangidanka na kan teku.