Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Aljanu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Aljanu, mai mulkin bayan Dutsen Ƙaf, uban Ifritai, majiɓincin tsamiya da kuka da kufai. Gaisuwa mai yawa da ladabi, irin wadda talaka ke yi wa basarake ko da bai taɓa ganin rawaninsa ba.

Amma ba'adu, Allah ya ba ka nasara, dalilin wannan takarda shi ne kiran da fadarka ta yi mini daren jiya, a sulusin dare na ƙarshe, lokacin da salihan bayi ke tashi tahajjudi, irinmu kuwa muke tsakiyar barci bayan an ɗauke wuta, sauro ya ci rabonsa ya ƙyale mu. Na ɗauki wayar a firgice, domin ba a kiran magidanci a wannan sa'a sai in rasuwa aka yi, sai na ji wata murya mai kauri da amsa-kuwwa, kamar mai magana daga cikin tulu, ta yi mini sallama da Larabcin da ya sha wahala, ta kira ni da "ya kai bil'adama," ta ce wazirinka ne ke magana. Ya sanar da ni cewa an zaɓe ni daga cikin mutanen zamani saboda tsarkin zuciyata, an ajiye mini tukunyar zinariya tun zamanin Annabi Sulaimanu, kuma babu abin da ya rage tsakanina da ita face in sayi katin waya na naira dubu biyar, in kankare, in karanto masa lambobin, wai za a saya wa marayun aljanu allo da dabino. Sharaɗi ɗaya ne: kada in gaya wa kowa, ko da uwar 'ya'yana ce, in kuwa na kuskura, ɗan farina ba zai ga Juma'a ba.

To, ranka ya daɗe, ni ba malami ba ne, amma na zauna a gaban malamai, kuma akwai mas'alolin da suka shige mini duhu, waɗanda nake roƙon fada ta yi mini fatawa a kansu. Mun ji a tafsirin Suratun Namli cewa wani Ifritu daga cikin kakanninka ya yi wa Annabi Sulaimanu alkawarin ɗauko gadon sarautar Bilkisu tun daga ƙasar Saba'i kafin ya tashi daga majalisarsa, ba tare da ya nemi kuɗin mota ko guzuri ba. Yanzu a ce zuriyar wannan gwarzo ce ta wayi gari tana barar katin waya a wurin ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa tun kafin wata ya raba tsakiya? Wace irin annoba ce ta faɗa wa baitulmalinku? In har tsadar rayuwa ta ƙetara Dutsen Ƙaf, ai sai ku faɗa mana mu yi muku jaje, mu ma mun san ciwon.

Mas'ala ta biyu kuwa ta ɗan sauƙaƙa mini, don malamai sun karanta mana a Suratu Saba'i cewa aljanu sun yi ta aikin wahala alhali Annabi Sulaimanu ya riga ya rasu yana dogare da sandarsa, ba su farga ba sai da gara ta cinye sandar, wanda ya tabbatar ba su san gaibu ba. Saboda haka ban yi mamaki ba da wazirinka, wanda ya leƙa cikin ƙirjina ya ga tsarkin zuciya, ya tambaye ni sunana, da garin da nake, da irin layin da nake amfani da shi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda na jiyo zakara yana cara a bayansa, da ƙugin janareta, sa'an nan da sabis ya yi rauni a tsakiyar wa'azi, sai muryar nan mai ban tsoro ta sirance nan take, ta koma ta wani saurayi mai mura, tana cewa, "Halo, halo, kana jina?"

A da, in mutum yana son haɗuwa da jama'arka, sai ya bi ta gindin tsamiya da tsakar rana ko ya ratsa juji da almuru. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 na lura kun yi hijira gaba ɗaya kun tare a cikinta. Wannan ya kawo ni ga mas'ala ta uku. A watan Disamba na 2020 hukuma ta umurci kowa ya haɗa layinsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, mu bil'adama muka yi ta jerin gwano a rana, aka ɗauki hotonmu, aka dangwala yatsunmu a na'ura. Ina so in san ranar da wazirinka ya je, da yadda halittar da aka yi da harshen wuta ta ɗora yatsa a kan gilashi bai narke ba. Kuma da na ce masa kati ya yi wuya a wannan dare, ya ba ni lambar asusu, na shigar don in gani, sai ga suna ya fito ɓaro-ɓaro, sunan ɗan Adam har da na mahaifinsa.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne ke kiwo a wannan makiyaya. Akwai ɗan uwanka da ke cewa daga banki yake, wai an rufe BVN ɗina, wadda Babban Banki ya fito da ita a 2014, sai in karanto lambobinta goma sha ɗaya, da ukun nan na bayan katin cirar kuɗi, da wadda za a turo yanzun nan. Akwai mai alat na bogi da ke kwashe buhun shinkafa ya bar ɗan kasuwa da saƙo a waya. Akwai mai kuka wai ya turo kuɗin maganin mahaifiyarsa bisa kuskure, da mai wanke baƙar takarda ta zama dala, da mai sayar da kujerar Makka wadda ba jirginta. MMM ma ta yi zamaninta, ta rufe ƙofa da dukiyar jama'a a Disamban 2016. Dukanku doka ta san da ku, tun daga sashe na 419 na kundin laifuffuka wanda ya zame muku laƙabi, har zuwa hukumar EFCC da ta fara aiki a 2003. Sai dai su waɗancan suna da 'yar kunya, da rana suke sana'arsu.

Ni dai abin da ya zo mini a daren shi ne in karanta masa Ayatul Kursiyyu, tun da an ce shaiɗani ba ya tsayawa inda ake karanta ta. Na karanta da tartili, na ja madda yadda ya kamata. Wazirinka, Allah ya saka masa, ya saurara cikin natsuwa har na kai ƙarshe, ya ce amin, sa'an nan ya ce, "To, katin fa?"

Da gari ya waye na kai labarin teburin mai shayi, ina tsammanin za a yi ta salati, ashe ni ne baƙo a wannan fage, kowa a unguwar ya riga ya gana da fadarka, kuma kowa ya tanadi makaminsa. Mai shayin yana da gwangwanin madara cike da tsofaffin katunan da aka riga aka loda, in kun kira sai ya ɗauko ɗaya ya riƙa karantowa a hankali, yana cewa bakwai ce ko ɗaya ce, bari ya nemo tocila, har kuɗin wayarku ya ƙare. Telanmu kuwa da ladabi yake karɓar bushara, ya yi godiya, sa'an nan ya roƙi a cire dubu biyar ɗin daga cikin tukunyar zinariyar, a aiko masa da canji. Amma gwanar duka ita ce wata gwaggonmu mai ƙosai, wadda kunnenta ya yi nauyi, ko kuwa take sa shi ya yi nauyi in ta ga dama: da an ce mata aljani ne, sai ta ce, "A'a, Alhaji ne? Yaya iyali? Yaya gajiya? Yaya sanyi? Ina su Hajiya?" ta yi ta jero gaisuwa ba numfashi, har aka ce wani daga cikin hadimanka ya taɓa haɗa ta da Allah ta kashe wayar. Samarin unguwa su kuma ɗaukar muryarku suke yi su watsa a WhatsApp, yara suna kwaikwayo a hanyar makarantar allo. Wani ya nuna mini lambar da ta kira ni a manhajar Truecaller, inda waɗanda suka riga ni shan kira suka yi wa wazirinka naɗin sarauta: "Aljani Ɓarawo Kar Ka Ɗauka."

Mun yi dariya har shayi ya huce. Sai wani dattijo ya ambaci wata bazawara a bayan layinmu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, aka yi shiru.

Bari in ajiye maganar martaba da nasara, don na gaji da durƙuso. Kai, ko wane ne kai, da kake zaune a ɗaki da tarin layukan waya kana danna lambobi barkatai har Allah ya haɗa ka da mai rauni, mun san yadda sana'ar take. Kana kira da tsakar dare ne domin a lokacin hankali bai gama dawowa jiki ba, kuma babu wanda za a tasa a yi shawara da shi. Kana hana a faɗa wa kowa ne domin ka san ranar da mutum na biyu ya ji, ranar kasuwarka ta watse. Zinariyar ta masu kwaɗayi ce, barazanar mutuwar ɗa kuwa ta iyaye mata ce, waɗanda ba su nemi arzikinka ba, tsoro kawai ka cusa musu. Wannan baiwar Allah ta fara da katin dubu ɗaya, ka ce marayun aljanu sun ƙaru. Ta sayar da akuyarta, ka ce sai an yi yanka. Ta sayar da keken ɗinkin da take ciyar da 'ya'yanta da shi, kana kiranta dare bayan dare kana ambaton sunan autanta, sunan da ita da kanta ta gaya maka a daren farko cikin ruɗewa. Ta rame, ta daina barci, ba ta iya gaya wa ko ƙanwarta ba, kuma da asiri ya tonu kunya ta hana ta zuwa wurin hukuma, don kada a ce ga wadda aljanin waya ya cuta. Katunan da ta karanto maka ka karyar da su a kasuwa ka ci tsire. Wannan ba wayo ba ne, cin dukiyar marayu ne tsagwaronsa, ka kuma haɗa da ƙarya da sunan Allah da Annabawansa, ka buɗe zalunci da sallama! Tir da wannan sana'a. Ɓarawon da ke haura katanga ma ya fi ka mutunci, shi aƙalla yana sa ransa a hatsari, ba ya cewa daga Dutsen Ƙaf yake.

To, na huce kaɗan, Allah ya ja zamanin Sarki. Ina sanar da fada cewa sharaɗin nan na rufe baki na karya shi tun kafin sallar asuba: uwargida ta ji, da safe teburin shayi ya ji, limaminmu ya yi alkawarin saka zancen a huɗuba, lambar wayar da ta asusun kuma na rubuta su a takarda na miƙa inda ya dace. Matan unguwa sun yi ittifaƙi cewa duk wadda aka kira da dare za ta tashi maƙwabciyarta su saurara tare, a buɗe murya kowa ya ji.

Roƙona na ƙarshe, in da gaske akwai tukunyar zinariya da sunana a kanta, na yafe ta duniya da lahira. A fasa ta, a saya wa baiwar Allah nan keken ɗinkinta da akuyarta, a kai mata da rana tsaka, ta ƙofar gida, a gaban mai unguwa.

Wassalam.

Naka, wani talaka daga cikin bil'adama.