Wa Ya Ce Bature Ba Ya Tsallake Layi?

Jama'a ku matso, yau da ku nake, ku da ke ganin duk wata tsiyar layi a kanmu ta ƙare. Ku ne da zarar an tsallake ku a banki ko a asibiti sai ku girgiza kai ku ce, "Wallahi a ƙasar Turawa ba a haka, can ko gwamna ne sai ya bi layi." To ku gyara zama. Akwai inda Bature ke tsallake layi ido na ganin ido, a gaban 'ya'yan mutane, ba mai ce masa kanzil. Ma'aikaci har murmushi yake yi masa, ya buɗe masa hanya ya wuce. Wurin nan kuwa filin wasan yara ne.

Ina nufin manyan wuraren shaƙatawa irin na Disney da Universal da ke Orlando a jihar Florida ta Amurka. Kada ku kawo lilon ƙarfe guda biyu da dokin roba a ranku. Garuruwa ne sukutum, masu jiragen wasa da ke hawa sama su rikito da mutum kai ƙasa ƙafa sama, da ɗakunan da ake sa shi ya ji kamar yana tashi a sararin samaniya alhali yana ɗaure a kujera. Ɗaya daga cikin filayen Disney huɗu da ke can, Magic Kingdom, yana karɓar baƙi sama da miliyan 17 a shekara. Duk wannan taron kuwa abubuwa ƙalilan yake rububi, waɗanda suka yi suna. Abin hawan da ake kira Flight of Passage, wanda aka buɗe a wani filin na Disney a 2017, hawansa ba ya kai minti biyar, amma tsayuwar awa biyu ko uku a bakinsa ba labari ba ne. A ranar 13 ga Yuni 2019 kuma, da Universal ta buɗe wani jirgi mai kama da babur na labarin Harry Potter, sai da jira ya kai awa goma.

Na ji ka, Malam, kai da ke can baya kana taɓe baki. "Yau kuma zuƙi ta malle aka zo yi mana. Awa goma a kan lilo? Su ba su da aikin yi ne?" Suna da shi. Hutu ma suka ɗauka daga aikin, suka yi shekara suna tara kuɗi, suka hau jirgi, suka kama otal, duk don su zo su tsaya cikin ranar Florida, wadda idan bazara ta yi ba ta san kowa ba. Kai da ka kwana a gidan mai ka dawo da rabin tanki, aƙalla ka kai yara makaranta da shi. Shi wannan abin da ya samu jiri ne da hoton kansa baki buɗe yana ihu. Hoton ma sai ya biya.

Yadda abin ya faro kuwa, da kyakkyawar fuska ya zo. A 1999 Disney ta fito da wani tsari mai suna FastPass. Ka je bakin abin hawan da kake so, ka zura tikitinka a na'ura, ta ba ka 'yar takarda mai cewa ka dawo tsakanin ƙarfe kaza da ƙarfe kaza. Ka tafi ka ci abinci, ka zaga, lokaci ya yi ka dawo ka shiga ta gajeriyar hanya. Ko sisi ba a karɓa. Attajiri da direbansa duk ɗaya suke a gaban na'urar nan, wanda ya yi sammako shi ke samu. Kada ku ɗauka tausayi ne zalla: mutumin da ke tsaye a layi ba ya sayen komai, wanda ke yawo kuwa zai sayi lemo, ya sayi hula mai kunnen ɓera. Amma dai kowa ya amfana, aka yi shekara ashirin a haka, daga baya ma aka mayar da tsarin cikin wayar hannu.

Sai korona ta zo a 2020 aka rufe filayen. Da aka sake buɗewa, FastPass bai dawo ba. A watan Oktoba na 2021 aka kawo magajinsa, Genie+, a kan dala 15 kowane mutum kowace rana. Abin da jiya yake kyauta, yau ya zama haja. Manyan abubuwan hawan da kowa ke kwaɗayi kuma aka ware su, kowanne da kuɗinsa daban. Ba a jima ba farashin ya daina tsayawa wuri ɗaya, ya koma bin yawan jama'a: ranar Kirsimeti da lokacin hutun makaranta ya yi sama, ranar da ba kowa ya sauko. A 2024 aka sake masa suna, aka kuma ƙaro wani babban yayansa, Lightning Lane Premier Pass, wanda a ranakun cunkoso yake kai dala 449 ga mutum guda a rana guda. Wannan fa ban da kuɗin shiga ƙofa. Mai iyali biyar ya ɗauko biro ya lissafa, ni ba na son a ce na tayar wa wani hawan jini.

Akwai ma na sama da wannan. Idan aljihunka ya yi nauyi sosai, sai ka ɗauki ɗan rakiya na kamfanin, mai kaya masu tsafta, ya riƙa kutsawa da kai da mutanenka daga wannan abin hawa zuwa wancan. Kuɗinsa yana farawa daga dala 450 a awa, kuma ba a ɗaukarsa ƙasa da awa bakwai. Wato kafin ka ce masa sannu, dala 3,150 ta fita. Sayar da tsallake layi kuwa ba Disney ta Amurka kaɗai ke yi ba. Disneyland ta Faransa ta maye gurbin FastPass na kyauta da na kuɗi a 2021, ta Tokyo ta bi sahu a 2022, Universal ta daɗe tana da Express, Alton Towers ta Ingila tana da Fastrack. Ingila fa, ƙasar da ake yi mana kwatance da ita wajen ladabin bin layi.

Yauwa Alhaji, na san ba za ka iya haƙuri ba. "To mene ne laifi? Kuɗinsa ne. A jirgin sama ma akwai kujerun gaba, ka taɓa jin na baya sun yi zanga-zanga?" Allah ya ƙara arziki, Alhaji, amma kwatancen bai zauna ba. Na gaba a jirgi ya miƙe ƙafa ya ci nama, na baya ya takure ya sha ruwa, amma lokaci ɗaya suke sauka a Jidda. Jin daɗin wancan bai ƙara wa wannan minti ko ɗaya ba. Lilo kuwa adadin kujerunsa a awa ƙayyadadde ne, ba ya ƙaruwa don an sayar da tikiti mai tsada. Mu yi lissafin kasuwa, tunda shi ka fi ji. A ce abin hawa na ɗaukar mutum 1,000 a awa, kuma mutum 2,000 ne a tsaye. Na ƙarshe zai jira awa biyu. Yanzu a ce 500 sun biya sun koma gajeren layi, aka kuma ware wa masu biya rabin kujerun, suna ta zuwa ba sa yankewa. Sauran 1,500 da suka rage za su riƙa shiga ɗari biyar-biyar a awa, jiransu ya koma awa uku. Awar nan da aka ƙara musu ita aka sayar wa na gaba. Kamfani ya karɓi kuɗin, su da aka ɗebi lokacinsu ko na gode ba a ce musu ba. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romo. A Orlando mai dala ke shanye romon, mai haƙuri yana nan durƙushe yana hura wuta.

Ka kuma tambayi kanka, Alhaji, kai da ka san ciniki: wa zai sayi tikitin tsallake layi a ranar da babu layi? Tsawon layin shi ne tallar hajar. Duk sa'ad da allo ya nuna minti 120, uban da yaransa suka fara kuka zai laluba aljihu. Ban ce da gangan suke tsawaita shi ba, don ban shiga zuciyar kowa ba. Na dai ce wanda ke cin riba daga cunkoso ba shi za a ba aikin kawar da cunkoso ba. Abin da suka ƙware a kai shi ne sa mutum ya manta yana jira. Layin a nannaɗe yake kamar hanji, ba ka taɓa ganin ƙarshensa balle gabanka ya faɗi. An ƙawata bango, an sa kiɗa, an ajiye abin kallo a kowace kwana. Masu bibiyar lamarin ma sun daɗe da lura cewa lokacin da ake rubutawa a allo yakan ɗara ainihin jiran, sai ka shiga da shirin awa ɗaya ka fito a minti 45 kana murna kamar an yi maka kyauta.

Ga ƙanena ɗan jami'a can yana gyara tabarau. "Yaya, ai wannan ilimin tattalin arziki ne. Wani yana da lokaci, wani yana da kuɗi, kowa ya biya da abin da yake da shi." Madalla da karatu, ƙane. Kuma kana da gaskiya ta wani gefen. Mutumin da ya taso daga wata nahiya, rana ɗaya tak gare shi, ga tsohuwa ga ƙananan yara, idan ya biya don kada ranarsa ta ƙare a tsaye, ba zan kira shi azzalumi ba. An ɗora masa zaɓi ne ya zaɓa. Amma malaman naka ma ba bakinsu ɗaya ba. Michael Sandel, malamin falsafa a Jami'ar Harvard, ya ware babi guda a littafinsa What Money Can't Buy na 2012 a kan wannan magana. Damuwarsa ita ce layi yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda ake auna mutane da mudu ɗaya, wanda ya riga zuwa ya riga shiga, kuma kasuwa tana cinye wuraren nan ɗaya bayan ɗaya. Ya kawo misalin birnin Washington, inda masu kamun ƙafa na manyan kamfanoni ke hayar mutane su kwana a layi a madadinsu, don su sami kujera a zaman sauraron ra'ayi na majalisa. Ka ga daga lilo an kai majalisa. Idan kuma ka ce kuɗin da masu hali ke biya shi ke sauƙaƙa wa talaka tikitin ƙofa, sai in ce tikitin Magic Kingdom ya haye dala 100 tun 2015, kuma bai waiwayo ba.

Ku da kuka rantse cewa Bature ba ya ha'inci, ga taku. A 2013 jaridun Amurka suka fallasa yadda wasu masu hali ke ɗaukar naƙasassu haya su shiga da su Disney a matsayin 'yan uwa, don kawai su ci moriyar sauƙin da ake yi wa mai keken guragu a bakin layi. Abin ya yi ƙamari har kamfanin ya sauya tsarin a watan Oktoba na shekarar, masu lalurar gaskiya suka kwana a ciki. Son zuciya bai da launin fata, bai kuma neman biza.

Hajiya, tun ɗazu kike harara ta. "Mu da muke neman na masara, ina ruwanmu da lilon Amurka?" Ruwanki a ciki, Hajiya, har da tsaki. Kin san ɗan bumburutu? Layin mai ya kai kilomita, shi yana gefen titi da jarka, ki biya ninki ki wuce. Man da ke jarkarsa kuwa daga famfon da kike jira ya fito, shi ya sa layinki ba ya motsi. Abin da Disney ta yi ke nan, sai dai ita ce gidan man, ita ce kuma mai jarkar. Zan yi musu adalci guda: nasu a rubuce yake, farashi a bayyane, akwai rasit, gwamnati na karɓar haraji, ba kuma sai kin san wani ba. Wannan bambanci ne na gaske. Amma yarinyar da ke tsaye tun hantsi tana kallon sa'anninta suna wucewa ta gefe ba ta san rasit ba. Za ta ɗago kai ta tambayi babanta me ya sa, shi kuma sai ya nemo amsar da ba za ta karya masa zuciya ba.

Kuma kin san halinmu da kwaikwayo. Wuraren wasan yara suna ƙaruwa a manyan kantunan Kano da Kaduna da Abuja, ranar Sallah kuwa ba masaka tsinke. Ba wuya wani manaja mai wayo ya ga yadda ake yi a waje, ya ɗaura jar igiya a gefe ya rubuta farashi. Don haka kirana ga masu waɗannan wurare ne tun kafin a kai can. Idan layi ya yi tsawo, ku ƙara abin hawa, ko ku taƙaita yawan masu shiga, ko ku raba takardar lokaci kyauta kamar yadda aka yi a 1999. Wanda ya biya kuɗin ƙofa ya riga ya sayi gurbinsa a layi, bai kamata a sake sayar wa wani da shi ba.