Kuregen Amurka da Ajiyarsa

Da kaka ta kama a Amurka, kurege ba ya zama. Yini yake yana jidar 'ya'yan itacen oak a bayan gidajen mutane, yana binnewa ɗaya nan, ɗaya can, don kada hunturu ya riske shi hannu rabbana. In ya lura wani kuregen na leƙensa, sai ya tona rami, ya yi kamar ya saka, ya rufe har da daddaɓawa, alhali kayan na bakinsa. Ɓarawo ai ya san halin ɓarawo! Sai dai wasu ramukan ba ya komawa kansu, 'ya'yan da ke ciki su tsiro su zama bishiyoyi. Dashe yake yi wa Amurkawa, ko sisi ba a biyansa.