Wasiƙa Zuwa ga Babbar Rigar da ke Ƙasan Adaka

Zuwa ga Babbar Riga mai aska takwas, ƙasan adaka, Sabon Gari, Wudil.

Da fatan asu da gara ba su yi wa mai karɓar wannan takarda wata mummunar ɓarna ba, ana sanar da ita cewa maɗinkin da ya ninke ta ya danne da tsummokara tun shekarar 2006 ya yanke shawarar fito da ita domin ya ƙarasa aikin da ya ɗauko, kuma ana roƙonta da ta karɓi labarin ba tare da gori ba. Rigar na iya kafa hujja da daɗewa, amma ya kamata ta san cewa a shekarar da aka soke mata allurar farko ne gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, hanyar da ta ratsa Wudil, kuma masu bin ta sun shafe shekaru suna kallon aikin yana tafiyar hawainiya, alhali masu kwangila suna da katafila, maɗinki kuwa allura ɗaya gare shi.

Tun da rigar ta daɗe a duhu, ya dace a tuna mata abin da ke jikinta. Aska ita ce doguwar zayyanar nan mai tsini da ke gangarowa daga wuya ta gefen aljihu, kuma yawanta ne ke bayyana matsayin riga, shi ya sa mai aska biyu ba ta haɗa kafaɗa da mai takwas a gaban jama'a. Biyar aka cike, uku suna nan fayau. Tambari, wato zagayen da ake yi a ƙirji ta dama da kuma a baya, ko farawa ba a yi ba. Babbar matsalar ma ita ce zayyanar kanta, domin a wannan sana'a mai zayyana daban ne da mai cikewa: shi ne ke zana hoton aikin a kan yadi da alƙalami da tawada, sannan mai allura ya bi sawunsa, a ƙarshe kuma a miƙa wa mabuga su buge rigar a kan gungume har ta ɗauki sheƙi. Tawadar da aka zana wa wannan riga ta koɗe, malamin da ya zana ta kuma ya bar sana'ar ya koma dillancin shanu a kara, inda yake cewa ranar Juma'a ɗaya ta kasuwar Wudil ta fi masa zayyanar wata guda.

Sai batun zare, wanda a kansa ne hankalin maɗinki ya fi tashi. An fara aikin ne da tsamiya, wato zaren da ake samu daga saƙar wata tsutsa da ke yin gida a jikin bishiya, a dafa saƙar da ruwan toka, sannan mata su kaɗa ta da mazari. Launinta ba fari ba ne, ba kuma ja ba, kuma kowane ƙulli da irin hasken da yake zuwa da shi, don haka samun wanda zai saje da na shekarun baya sai an yi yawo, mai yiwuwa har Kasuwar Kurmi a birnin Kano. Wasu sun ba da shawarar a kai rigar wurin masu keken kwamfuta su cike ragowar asaken a yini ɗaya. An ƙi wannan shawara, ba don raina keke ba, sai don duk wanda ya san riga zai gane tun daga bakin zaure inda hannu ya tsaya da inda inji ya kama, kuma garin da ake yabo da aikin hannu bai kamata a ga wannan abin kunya ya fito daga cikinsa ba.

Kada rigar ta ɗauka tausayinta ne ya motsa maɗinki. Riga rabi bashi ce, domin an karɓi kafin alƙalami, wato kuɗin da mai riga ke bayarwa tun kafin a fara aiki, an kuma cinye shi tun jami'ar garin tana amsa tsohon sunanta, kafin a sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Alhajin da ya ba da aikin domin angwancinsa ya haƙura ya yi biki da rigar aro, ya daina aike, har aka zaci ya yafe. Yanzu zai aurar da 'yarsa ta fari, ya leƙa Kantin Kwari ya ji kuɗin shadda bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, sai nan take ya tuna yana da yadi a hannun wani. Abin godiya ɗaya shi ne babbar riga ba ta san teɓa ba. Da kaftani ne, da tuni maganar ta mutu.

Saboda haka ana umartar rigar da ta shirya fitowa ranar Asabar da hantsi, a shanya ta ta sha iska, a nemo wanda zai maimaita zayyanar. An ɗauki yaro na musamman da zai riƙa zura zare a kafar allura, tun da idon maigidan ya fara neman tabarau. Abin da bai warware ba shi ne lada: Alhaji ya kafe a kan cinikin 2006, maɗinki ya ce ko zaren ba zai saya ba, kuma an shirya zama gaban mai unguwa, inda za a buƙaci rigar ta halarta da kanta a matsayin shaida.

Wassalam,
Daga zauren maɗinki, Sabon Gari, Wudil.