Masu yi wa ɗan ƙetare gaisuwa

Wanda kakarsa ta rasu a Ruwan Bore yana zaune a Ingila, kafin ya gama tambayar kuɗin jirgi an dawo daga maƙabarta. Ko ya samu jirgin, sai ya sauka Kano ko Abuja, ya biyo ta Funtua da Tsafe, hanyar da mai hankali ba ya shigar ta da yamma. Don haka a falo yake zaman makokinsa, waya a hannu, a nan kuma yake sanin irin mutanen da Allah ya haɗa shi da su.

Na farko ɗan rige-rige. Kawunnanka suna can suna shawarar wanda zai kira ya lallaɓa ka, shi tuni ya ɗora hoton tsohuwar a WhatsApp. Akwai kuma mai ɓoyo, wanda zai ce maka "jikin Inna ne ya ɗan motsa, a sa ta cikin addu'a", alhali kana jiyo masu gaisuwa a bayansa. Tun Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara ya samu uzurin da ba ya tsufa: babu sabis. Mai filashin kuwa ba ya wahalar da kansa. Ya taɓa lambarka ya kashe, kai za ka kira da kuɗinka domin ya yi maka ta'aziyya.

Baturen wurin aiki ba shi da laifi. Zai kawo kati, ya sassauta murya ya tambayi ranar jana'iza, domin su gawarsu takan yi makonni kafin a rufe ta. Ka ce an rufe tun jiya kafin la'asar, ya dube ka yana zargin akwai abin da danginku ke ɓoyewa.

Amma gwanata ita ce Hajiya uwar taro. Kowane gari da Hausawa suka kai gida goma a ƙetare yana da irinta. Ita ce ta shirya sunan ɗanka, ita ta raba ankon bikin Sallah, kuma a wurinta mutuwar tsohuwa taro ne kamar sauran. Tana shigowa za ta saki salati tun daga bakin ƙofa, ta zubar da hawaye na gaskiya, sannan ta share ta tambaya: "Shekarunta nawa?" Da ka ce ta haura tamanin, shi ke nan, makoki ya tashi. "Haba Baban Yara, wannan ai biki ne! Jika da kuka? Matarka ce fa ta tafi, sai ka nemi wata." Kafin ka amsa ta aika mijinta mota ya ɗauko kuloli: tuwon shinkafa, miyar kuka da daddawar da ta yi wata shida tana ɓoyo, waina, kunun gyaɗa. Ta kori matarka daga kicin ɗinta, ta canja wa kujeru wuri, ta tsara wanda zai zauna kusa da wa saboda wasu biyu ba sa ga maciji tun wani adashi. Idan aka rasa gero, da garin shinkafa za ta haɗa abin da ta rantse gumba ne. Wajen magariba har ta fara yi wa wata ɗaliba da ta zo gaisuwa sha'awar ƙanen mijinta. Kana so ka ji haushi, amma sai ka lura tun safe ba a bar ka kai kaɗai da bango ba, kuma yaranka sun ci sun ƙoshi.

A kusurwa malaman falo sun kafa majalisa. Ɗaya ya ce a tashi a yi sallar ga'ib, ai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Najjashi sarkin Habasha a shekara ta 9 bayan hijira. Ɗaya ya ce mu Malikawa ne, wannan na Shafi'awa ne. Na uku ya yanke hukunci cewa sadakar uku ma bidi'a ce, yana faɗa yana miƙa faranti a ƙara masa waina.

Sai mu masu baje kolin tarbiyya. Mu jera yara gaban waya, mun kwana muna koya musu "ina wuni Goggo, ya haƙuri", su faɗa da wata irin Hausa mai santsi, Goggo ta ce "mi yac ce?", mu kuwa mu juya muna ba baƙi labarin furar marigayiya da Dutsen Kwatarkwashi, sai ka ce jiya muka baro.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai lissafi. Yana zaune a Gusau, tafiyar da ba ta kai ta yini ba, amma tsohuwar ta yi jinyarta ta gama bai leƙa ba. Ran da ta cika, shi ne kan gaba. "Allah ya jiƙan Inna" ɗaya zai yi, na biyun sai: "To ƙanena, ku da kuke waje..." Jerin ya biyo baya: buhun shinkafa, gero, rumfa, hayar kujeru, kuɗin man motarsa. Ya san canjin fam na safiyar nan fiye da ɗan canji, bai san maganin da take sha ba. Matan gidan da suka yi ta juya ta a shimfiɗa, suna wanke mata zane, ko sunansu babu a takardar. Ka tura, domin kunya da nisa sun ɗaure ka, kuma ya san da haka. Bayan kwana biyu ka kira Goggo ka tambaya ko shinkafa ta isa, ta ce wace shinkafa? Ba ka gama jin wannan ba saƙonsa ya shigo, yana tuna maka cewa arba'in ta kusa, kuma kaya sun ƙara tsada.