Risala a Kan Ilimin Tara Kwamfutocin da Zamani Ya Sallama

Ka sani, ya kai mai neman sani, kowace kwamfuta tana ratsa zango uku a rayuwarta. A zangon farko sabuwa ce, ana cin bashi a saye ta, ana hana yara taɓawa. A na biyu ta zama tarkace: daga tebur ta koma ƙarƙashin gado, daga nan sito, daga nan uwargida ta fara tambayar ranar da za a fitar da ita. A na uku ta zama kayan tarihi, har ana wanke hannu kafin a ɗaga ta. Tsakanin zango na biyu da na uku babu abin da ya ƙaru a jikin na'urar sai tsatsa. 'Yan'uwanta ne kawai suka ƙare. Saboda haka wannan fanni gaba ɗayansa ilimi ne na jure zango na biyu, wanda yakan haura shekara 20, ba tare da mutum ya rabu da na'urar ko da iyalinsa ba.

Ga hujja. A 1976 Steve Wozniak ya ƙera Apple I, shi da Steve Jobs suka yanka mata farashi dala 666.66. Ba akwati, ba madannai, ba fuskar kallo, allo ne tsirara da mai saye zai je ya nema wa sutura da kansa. Kimanin 200 aka yi. A 2014 gidan tarihi na Henry Ford da ke Amurka ya biya dala 905,000 ya ɗauki guda ɗaya a gwanjo. Commodore 64 kuwa, wadda ta fito a 1982, ta fi ta komai: tana da launi, tana da sauti, yara sun koyi rubuta manhaja a kanta daga Amurka har Jamus. Laifinta ɗaya, an sayar da miliyoyinta. Don haka har yau mai matsakaicin albashi zai iya sayen ta bai kwana da yunwa ba.

Daga nan masu zurfin tunani suka fitar da ƙa'ida ta farko: babban majiɓincin mai tara tsofaffin kwamfutoci shi ne mai zubarwa. Kamfanin Apple da kansa ya yi wa fannin hidimar da ba a gode masa ba. Kwamfutarsa Lisa, da ya fitar a 1983 kan dala 9,995, ta yi kwantai, sai a 1989 aka kwashi kimanin 2,700 aka binne a bolar garin Logan na jihar Utah. A wannan rana duk wata Lisa da ta rage a doron ƙasa ta samu ƙarin girma ba tare da ta yi aikin komai ba. Mu ma nan muna da namu kason a wannan hidima. Shekara da shekaru jiragen ruwa suna sauke kwantenonin tsofaffin kayan lantarkin Turai a Legas da Tema, abin da ya gyaru ya shiga kasuwar Alaba, abin da ya ƙi ya faɗa hannun 'yan gwangwan, irin waɗanda suka cika Agbogbloshie a Accra kafin a rushe wurin a 2021. Duk na'urar da aka farfasa a can don a ciri jan ƙarfe ta ƙara wa wani Bajamushe kuɗin tasa. Ba a taɓa jin ya aiko da tukuici ba.

Fasali a kan wace ce tsohuwa

Masana sun yi saɓani mai tsawo. Wasu suka ce ba a kiran kwamfuta tsohuwa sai in ta girmi IBM PC, wadda ta fito a watan Agustan 1981, domin daga kanta ne kwamfutoci suka fara kama da juna. Waɗannan su ne masu girmama Altair 8800 ta 1975, akwati mai makunnai da 'yan fitilu, wanda ake shigar masa da umarni ta ɗaga makunni da sauke shi har yatsa ya yi kanta. Wasu suka sassauta har zuwa Amiga 500 ta 1987. Wasu matasa sun fara shigo da kwamfutocin zamanin Windows 98, dattawan fannin suna kallon su da tausayi. Wanda ya lura zai ga kowane masani yana kafa iyakar ne daidai shekarar da ya gama sakandare, kuma wannan ita ce magana mafi inganci.

Fasali a kan gane asali

Kada ka yarda da akwati. Akwati riga ce, ana aro. Mai ilimi yakan kwance kusoshi ya duba allon ciki, wanda masu gyara ke kira bod, ya karanta abin da ke rubuce a bayan baƙaƙen aisi da ke jere a kai. Galibi akwai lamba huɗu: biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako. In ka ga 8327, an yi shi a mako na 27 na 1983. In duk aisin suna nuna 1983, guda ɗaya tak yana nuna 1987, to wani ya riga ka shiga, kuma sai ka duba dalmar da ke ƙafafunsa ka ga ko gwani ne ko ɗan koyo. Dalmar gwani tana sheƙi, ta zauna daidai. Ta ɗan koyo dunƙule take, da ƙonannen gefe.

ZX Spectrum, wadda Clive Sinclair ya fitar a Ingila a 1982 da madannan roba, tana ɗauke da lambar fitowa a jikin bod, kuma ta fitowar farko ta fi tsada duk da cewa na baya sun fi ta lafiya, domin an gyara musu kurakuranta. Wannan ba ya ba kowa mamaki a cikin fannin. Macintosh ta farko, ta 1984, in ka samu dogon sukundireban da zai kai ga kusoshinta, za ka tarar da sa hannun ma'aikatan da suka ƙera ta an zuba shi a cikin robar akwatin, a wurin da kamfanin ya yi iya ƙoƙarinsa kada mai saye ya taɓa gani.

Hanci ma kayan aiki ne. Bod ɗin da ke ƙarnin kifi in an ɗora masa ƙarfen liƙi, kafasitocinsa sun yi yoyo.

Fasali a kan kunnawa, da dalilin haramcinta

Babban kuskuren sabon shiga shi ne ya kawo na'ura gida, ya goge ƙura, ya soka a soket don ya ga ko tana aiki. Za ta iya yiwuwa tana aiki, har zuwa wannan lokacin. A cikin gidan wutar BBC Micro da wasu Apple II akwai wata 'yar kafasita ta kamfanin RIFA, takarda ce a naɗe cikin roba mai garai-garai. Da shekaru robar takan tsattsage, danshi ya shiga. Ranar da ta sake jin wuta sai ta yi fat, ta cika ɗaki da farin hayaƙi mai ɗoyi wanda labule ke riƙewa kwana da kwanaki. Abin lura shi ne sau da yawa kwamfutar tana ci gaba da aikinta cikin hayaƙin kamar ba a gidansu ake gobara ba. Malaman fannin suna ɗaukar wannan a matsayin yaye ɗalibi.

Adaftar Commodore 64 ta fi mugunta, domin ita ba ta hayaƙi. Aikinta ta ba da bolt 5, amma in ta tsufa sai ta yi ta ƙarawa a ɓoye har ta soya aisin ƙwaƙwalwa. An kuma cika cikinta da danƙo mai tauri, ba halin gyara. Ana ajiye ta don tarihi, a nesa da soket. Wanda ya yi odar na'ura daga Amurka, inda wutarsu bolt 120 ce, ya soka ta a wutarmu mai 230, shi ma ya taimaka wa ƙa'ida ta farko. Tsohon allon kallo mai ƙeya kuwa yana iya riƙe dubban bolt bayan an kashe shi, kuma ba ya tambayar shekarun gogewar mai taɓawa.

Fasali a kan batir

Nan ne ya kamata a zauna, domin babu abin da ya kashe tsofaffin kwamfutoci a cikin sito kamar ɗan batirin da bai kai babban yatsa ba. A Amiga 2000, da katin ƙarin ƙwaƙwalwa na Amiga 500, da ɗimbin kwamfutocin zamanin 386 da 486, an liƙe shi a jikin bod, mai siffar 'yar ganga, sau da yawa da sunan Varta a jikinsa. Aikinsa guda ne: ya riƙe kwanan wata idan an kashe na'ura. Masu ƙira sun lissafa cewa kafin ya lalace an daɗe da zubar da kwamfutar, kuma lissafinsu daidai ne, ba su dai yi zaton za a samu mutane irin waɗanda ake rubuta wa wannan risala ba.

Idan ya tsufa yakan fara tsatsafar da ruwa mai cin ƙarfe. Buɗe akwatin ka haska tocila. Za ka ga farin gari ya taru a bakinsa biyu, daga nan wani kore-kore mai shuɗi ya bi siraran layukan jan ƙarfe yana tafiya, ya shiga ƙarƙashin soket ɗin aisi, ya hau ƙafafu, ya dusashe dalma ta koma toka-toka. Layin da ya ci sosai, kana goga shi zai bi burushi ya tafi. Magani shi ne a datse batirin nan take, a ɗiga ruwan khal a wurin a ji yana 'yar tafasa, a goge da tsohon burushin haƙori, a wanke da sifirit, a shanya. Sannan a ɗauki mita a bi layukan ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yanke a yi masa gada da siririyar waya. Mutum mai mata da 'ya'ya yakan ƙarar da daren Asabar a haka. Wasu tsofaffin Macintosh ba sa ma tsayawa yoyo, batirinsu fashewa yake ya watsa tsatsa ko'ina. Hukuncin da ba a samu saɓani a kansa ba a duk faɗin fannin shi ne a cire batir kafin a gaisa da mutanen gida.

Fasali a kan launi

Robar akwatunan nan fara ce ko ruwan toka a asali, iska da haske suka mayar da ita ruwan ɗorawa. Wajen 2008 masu sha'awa suka yaɗa wata dabara da suka kira Retr0bright: a shafa ruwan haidurojin, irin na wanke ciwo amma mai ƙarfi, a shanya a rana. A nan jama'a ta rabu gida biyu. Gida na farko suna cewa a mayar da na'ura yadda ta fito daga kanti. Na biyu suna cewa wannan bilicin ne, kuma ƙarshensa ƙarshen bilicin: wani wuri ya yi fari, wani ya yi dabbare-dabbare, bayan 'yan shekaru asalin ya dawo. Mai wannan risala yana tare da gida na biyu, musamman da yake ra'ayinsu ba ya buƙatar a yi komai.

Fasali a kan abin da ke cikin faifai

Ƙarfe da roba suna da haƙuri, rubutun maganaɗisu ba shi da shi. Faifan fulofi yana yin fumfuna, kaset yana miƙewa, kamfanin Sony kuma ya daina yin fulofi tun 2011. Masu himma suna amfani da wasu ƙananan na'urori irin su Greaseweazle su kwafe zanen maganaɗisun kansa kafin ya goge. Ingila ta ba da darasi a nan. A 1986 BBC ta tattara bayanan ƙasar a kan faifan leza, don cikar shekara 900 da littafin ƙidayar Domesday na 1086. Ba a yi shekara 20 ba aka shiga neman na'urar da za ta karanta faifan ido rufe, alhali shi littafin Domesday, na fata, yana nan ana buɗawa.

Akwai wata ƙungiya da ke cewa duk wahalar banza ce, tunda wayar da ke aljihunka za ta iya kwaikwayon kowace daga cikin na'urorin nan. Ba a amsa musu, domin suna da gaskiya. Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta mutumin da ya canza kafasitoci, ya sayi sabuwar adafta, ya cire mazubin fulofi ya sa mai karanta katin memori, ya maye gurbin aisin sauti da na zamani, sannan akwatin ya fashe ya yi odar sabo. Shin tsohuwar kwamfuta ce a gabansa? Mafi rinjaye sun ce eh, muddin bai zubar da tsofaffin sassan ba. Shi ya sa kowane mai tarawa yake da kwali na biyu, na matattun sassa, wanda shi ma ba a taɓawa.

Fasali a kan magada

Kwamfutar da ta fi kowace iya jure zango na biyu ita ce Harwell Dekatron ta 1951, mai nauyin tan biyu da rabi. Ta yi lissafi a cibiyar binciken nukiliya ta Harwell, ta koyar da ɗalibai a Wolverhampton har 1973, ta zauna a gidan tarihi a Birmingham, aka kwance ta aka jibge a sito, sannan masu aikin sa kai suka tashe ta a 2012 a gidan tarihin kwamfuta na Bletchley Park. Ninka lamba biyu yana ɗaukar ta daƙiƙoƙi, mutane suna biyan kuɗin shiga su tsaya su jira amsa.

Ba kowace ke samun wannan rabo ba, domin mai tarawa yana mutuwa ya bar magada, su kuma magada ɗaki suke gani. Kada talaka ya ɗauka wannan matsalarsa ce shi kaɗai. Paul Allen, wanda suka kafa Microsoft tare da Bill Gates, ya buɗe gidan tarihi a Seattle inda ake barin baƙo ya zauna ya danna tsofaffin na'urori da hannunsa, da injiniyoyi masu albashi suna kula da su. Ya rasu a 2018. An rufe gidan a 2020 lokacin annobar korona, ba a sake buɗewa ba, a 2024 kuma aka kai zaɓaɓɓun kayan gwanjon Christie's. Waɗanda suka saya sun kwashe zuwa nasu ɗakunan ajiyar, inda ake kyautata zaton sun cire batir.